Tsirkiya Uku da Guntun Katako: Nasiha ga Matasa

 Maganar da nake tafe da ita a kan sa'o'in nan ne da ba na makaranta ba, ba na kasuwa ba, ba kuma na barci ba. Kowa yana da su, mai aikin yi da mai neman aiki: tsakanin la'asar da magariba, bayan isha'i kafin a kwanta, da ranakun hutu da akan wayi gari ba a san inda za a sa kai ba. A cikin waɗannan sa'o'i ake gane alƙiblar matashi, don a lokacin babu malami a kansa, babu ubangida, daga shi sai zuciyarsa. Shawarar da zan ba ku guda ɗaya ce. Kowannenku ya nemi wani abu da zai riƙa yi da hannunsa, abin da zai faro daga tushe ya kai shi ƙarshe, ya yi shi don yana so tun kafin a zo maganar kuɗi. Hujjar da zan kafa muku kuwa daga nesa na ɗauko ta, daga tsaunukan gabashin Amurka, inda talakawa suka ƙago wani ɗan kayan kiɗa da ake kira dalsima.

Mutanen kan tudu

Tsaunukan Afalaciya sun miƙe tun daga jihar Alabama a kudu har cikin ƙasar Kanada, amma dalsima 'yar tsakiyarsu ce, wato jihohin Kentaki, Bajiniya, Bajiniya ta Yamma, Tenesi da Karolina ta Arewa. Baƙin da suka kafa gidaje cikin kwarurrukan wurin a ƙarni na 18 da na 19 yawancinsu tushensu Sikotilan ne da arewacin Ailan da Ingila da Jamus. Ƙasa ce mai wuyar shiga. Hanya ba kyau, kasuwa da nisa, kuɗi ba su cika yawo a hannun mutane ba. Abin da Allah ya hore musu a wadace shi ne itace da dogayen dararen sanyi. Kujera, gado, akwati, kayan saƙa, duk mutum shi ke yi wa kansa, ko maƙwabci ya yi masa.

Jamusawan da suka gangaro daga Fensilbaniya ta kwarin Shenandoah sun zo da wani siririn akwatin kiɗa mai suna scheitholt, wanda ake ɗorawa a kan tebur a kaɗa. Mutanen tsauni suka karɓe shi suka sauya masa fasali. Suka faɗaɗa akwatin don amo ya ƙaru, suka keɓe doguwar sandar da tsirkiyoyi ke bi ta kai suka kwantar da ita a tsakiyar fuskar akwatin. Cikin tsofaffin da aka samu akwai wadda ke ɗauke da shekarar 1832, daga gundumar Floyd a Bajiniya. Babu kamfanin da ya zana ta, babu kuma mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya ƙirƙiro ta. Manoma ne da kafintocin ƙauye, wannan ya ga ta maƙwabcinsa ya koma gida ya gwada tasa.

Akwati ce doguwa siririya, tsawonta bai cika kai mita ɗaya ba, kaurinta wajen faɗin yatsu uku. Ta Kentaki tana da tsukakken ƙugu a tsakiya, ta Bajiniya kuwa ciki ɗaya gare ta mai faɗi, sai ta tsuke wajen kai. A fuskarta ana huda 'yan ramuka, sau da yawa masu siffar zuciya, don amo ya sami mafita. Tsirkiya uku ce ko huɗu. A kan cinya ake kwantar da ita. A tsohon salon kiɗanta, mutum yana riƙe ɗan guntun itace a hagu yana zame shi a kan tsirkiyar da ta fi kusa da shi, ita ce mai fitar da waƙa. A dama yana riƙe da gashin fiffiken talotalo ko na dinya yana sharar tsirkiyoyin gaba ɗaya. Sauran biyun hannun hagu ba ya taɓa su, amo ɗaya suke ta yi a ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe.

Suna da lamba a cikin akwati

Cikin tsofaffin masu ƙera ta, wanda ya fi barin suna shi ne James Edward Thomas, mutumin wani ɗan ƙauye mai suna Bath a gundumar Knott ta Kentaki. An haife shi a 1850, ya rasu a 1933. Ya fara wannan aiki a 1871, bai kuma ajiye shi ba sai da tsufa ya ci ƙarfinsa. Yakan loda dalsimominsa a 'yar kura ya bi gida-gida, ya kaɗa wa mutane su ji, mai so ya saya. Abin da nake so ku lura da shi yana cikin akwatin. In aka leƙa ta ramin amo, za a ga 'yar takarda a manne, da sunansa da kwanan watan da ya gama da lambar wannan dalsima a jerin waɗanda ya yi. Da waɗannan lambobi aka gane ya ƙera kusan 1,500.

Ku yi lissafin da kanku. Dubu ɗaya da ɗari biyar a cikin shekara sittin, ai wajen biyu ke nan a wata. Babu wani abin mamaki a cikin biyu a wata. Abin mamakin shi ne rashin dainawa. Yawancinmu mun iya farawa. Mukan ɗauki abu da zafi mako biyu, mu ba kowa labari, sannan mu jingine shi a bayan ƙofa. Wannan dattijo bai yi gudu ba, bai kuma tsaya ba, shi ya sa yau gidajen adana kayan tarihi ke neman aikinsa.

Batun sa suna ma ba ado ba ne. Wanda ya san sunansa zai zauna cikin abin da ya yi har bayan ransa ba ya yin algus. Ba ya toshe tsaga da ƙasa ya shafe da fenti, don ya san in abin ya buɗe shi za a kira. Ina so ku ɗauki wannan ɗabi'a tun yanzu. Duk abin da kuka yi, ku yi shi yadda ba za ku ji kunyar rubuta sunanku a jikinsa ba.

Aikin Thomas bai mutu da shi ba. A garin Hindman, hedikwatar wannan gunduma, akwai makarantar da wasu mata biyu, May Stone da Katherine Pettit, suka kafa a 1902 don 'ya'yan mutanen tsauni. Malaman da ke zuwa koyarwa daga manyan birane sukan sayi dalsimominsa su koma da su gida. Wani malamin aikin katako a makarantar, Jethro Amburgey, ya ɗauki fasalin Thomas ya ci gaba da shi, shi ma ya ƙera fiye da dubu. Bayansu aka yi Homer Ledford, wanda ya fara gwada hannunsa yana saurayi a lokacin da yake murmurewa daga doguwar jinya, a makarantar sana'o'in gargajiya ta John C. Campbell a Karolina ta Arewa. Ya koyar da aikin hannu a makaranta kafin ya duƙufa ga ƙira a garin Winchester na Kentaki. Kafin rasuwarsa a 2006 ya yi kusan 6,000. Ciwon da ya zaunar da shi wuri ɗaya, shi ya buɗe masa ƙofar abin da ya ci da shi har ƙarshen rayuwa.

Wadda ta fitar da dalsima daga cikin tsauni ta nuna wa duniya kuwa mace ce, kuma 'yan mata ku saurara da kyau. Jean Ritchie, haifaffiyar Viper a Kentaki a 1922, ita ce auta cikin 'ya'ya goma sha huɗu. Mahaifinta yana da dalsima, kuma tun tana ƙarama ta koyi kaɗa ta ta hanyar kallo da saurare. Ta yi karatu a Jami'ar Kentaki, ta tafi New York aikin kula da yaran marasa galihu a ƙarshen shekarun 1940. Ba ta bar kayan ƙauyensu a gida don gudun a kira ta baƙauya ba. Ta tafi da abinta, ta riƙa rera wa yara waƙoƙin gidansu. Mutanen birni suka ji suka yi ta tambaya, har ita da mijinta George Pickow suka shiga ƙera ta don biyan buƙatar masu so, ta kuma wallafa littafin koyon kaɗa ta a 1963. Daga nan manyan mawaƙa suka ɗauka. Joni Mitchell ta yi amfani da ita a faifanta mai suna Blue a 1971. A 2001 jihar Kentaki ta ayyana dalsima a matsayin kayan kiɗan jiha. Abin da aka raina a matsayin wasan talakawan kan tudu ya zama abin alfahari, saboda wata yarinya ba ta ji kunyar asalinta ba.

Abin da katako ke koyarwa

Yanzu mu shiga ɗakin aiki, don a nan ne kan maganata yake. Masu ƙira na dā sun yi amfani da itacen da ke bayan gidansu, irin su poplar da walnut da cherry, wani lokaci ma tsohon katakon rumbu. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai. Ɗanyen katako in aka yi akwatin kiɗa da shi, zai ci gaba da motsi bayan an gama, ya murɗe ko ya tsage. Saboda haka aikin farko jira ne. Daga nan sai a yanka allunan fuska da baya, a yi ta kankarewa ana gogewa har kaurinsu ya dawo wajen milimita uku. In sun yi kauri amo ya toshe, in sun yi sirantaka da yawa su kasa ɗaukar jan tsirkiya.

Wurin da ake gane mai haƙuri shi ne lanƙwasa gefuna. Siririn katako ne dogo, busasshe, wanda in ka tanƙwara shi haka nan zai karye nan take. Sai a jiƙa shi da ruwa, a kawo bututun ƙarfe da aka zafafa, a ɗora katakon a kai. Ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi, ƙamshin itace ya cika ɗakin. Mai aiki yana riƙe da gefe biyu yana ɗan jujjuya shi a kan ƙarfen, yana dannawa a hankali. Da farko katakon ya ƙi. Can sai ya ji a tafin hannunsa ya saki jiki, ya fara bin inda ake so. In ya yi garaje ya danna kafin wannan lokaci, sai ya ji ƙas, aikin yini ya tafi. In ya bar shi wuri ɗaya ya daɗe, ya ƙone. Babu littafin da zai gaya maka daƙiƙar da katako ke sakin jiki. Hannu ne ke koyo, kuma sai ya karya wasu kafin ya iya. Bayan ya lanƙwasu sai a ɗaure shi a cikin mazubi mai siffar akwatin ya kwana, ya bushe a kan sabuwar siffarsa.

Sai awo. A kan doguwar sandar nan ana kafa 'yan wayoyi a gicciye, matakai ke nan da tsirkiya ke taɓawa in an danna ta. Mutanen dā da wayar da ta samu suke yin su, su lanƙwasa ta su kafa a ƙarƙashin tsirkiyar waƙa kaɗai. Wayar tana iya zama ta banza, amma mazauninta ba ya karɓar wasa. A ce tsawon tsirkiyar daga matashinta na kai zuwa jaki santimita 70 ne. Mataki na bakwai dole ya zauna a tsakiya, kan santimita 35, don a nan muryar tsirkiya ke maimaita kanta a sama. Na huɗu yana wajen sulusin tsawon, santimita 23.3. Na uku yana wajen rubu'i, tsakanin 17.5 da 17.6. Na farko yana kan 7.6. Masu ƙira na yanzu sukan raba tsawon tsirkiya da 17.817, su cire abin da ya fito, su sake raba ragowar, haka har su sami dukkan mazaunai, sannan su zaɓi waɗanda dalsima ke buƙata. Lissafin da wasunku ke gudu a aji, ga shi ya fito yana waƙa. Hatta tazarar tsirkiya daga matakan ana auna ta. Masu ƙira a Amurka sukan zura tsabar kuɗinsu ta senti biyar a kan mataki na bakwai, kaurinta kusan milimita biyu, tsirkiyar ta ɗan shafe ta kawai.

Ga dalilin da ya sa na zaɓi wannan sana'a cikin dubu. Wanda ya ƙera dalsima shi ne farkon mai kaɗa ta, kuma ranar da ya ɗaura tsirkiya, duk abin da ya yi a ɓoye sai ya fito fili. In ya kauce da milimita ɗaya ko biyu a wani mataki, kunne zai ji duk lokacin da aka iso wurin. In ya yi rowar gam a wata kusurwa, za ta riƙa kaɗawa tana zuzu. Ba a ba ta cin hanci, ba a roƙonta, ba ta san ɗan wane ba. Muna zaune a zamanin da surutu ke rufe aibu da yawa, mutum ya yi aiki rabi da rabi ya cike sauran da baki. Matashin da ya saba da aikin da ke faɗa masa gaskiya a fuska zai fita daban duk inda ya je, ko ofis ne ko asibiti ko gareji. Kayan aiki suna iya zama na talaka, wannan ba laifi ba ne. Sakaci a awo shi ne abin kunya.

Kiɗan cikin gida

Kaɗa ta kuwa, da wuya a sami kayan kiɗa mai tsirkiya da ya fi ta sauƙin farawa. A tsohon saiti, in matakan sun ratsa ƙarƙashin dukkan tsirkiyoyin, ana danna tsirkiya mai kauri a mataki na huɗu, a ja sauran biyun har muryarsu ta yi daidai da wannan amo. Shi ke nan an saita. Daga mataki na uku na tsirkiyar waƙa ake fara hawa, kuma da yake an cire yawancin muryoyin da ke rikita ɗan koyo, duk inda ɗan itacen ya sauka amon ba ya yin nisa da hanya. Waƙoƙin ma da lambobin matakai ake rubuta su, ba sai mutum ya iya karatun alamomin kiɗan Turawa ba. A zama ɗaya yaro yana iya fitar da gajeriyar waƙa. Shi ya sa makarantu a Amurka ke koyar da yara da dalsimomin da akwatinsu na kwali ne, sandar kawai ce ta katako.

Amma sauƙin shiga ba ya nufin an iso. Fitar da waƙa daban, sa ta yi daɗi daban. Hannun dama ya riƙe kari ba tare da ya yi sauri ko ya ja baya ba, ɗan itacen ya zame ya tsaya daidai bayan mataki, wannan aikin shekaru ne. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a wata.

Muryar dalsima ƙasa-ƙasa ce. Ba ta cika dandali, goge da banjo sun fi ta amo a wurin rawa. Saboda haka ta zauna a matsayin kayan cikin gida, mutum ya kaɗa wa kansa da iyalinsa bayan an tashi daga gona. A ƙasar Hausa kiɗa ya daɗe yana sana'ar gado, mai garaya ko gurmi yana da iyayen gida da yake yi dominsu. Dalsima ta nuna wata hanya, mutum ya iya abu da kyau ba tare da yana jiran liƙi ko tafi ba. Wannan darasi ne babba a yau, lokacin da matashi ke ji kamar duk abin da bai ɗora a Facebook ko TikTok ba bai faru ba. Ku sami wani abu a rayuwarku da kuke yi da kyau ko babu mai kallo.

Na san gidajenmu ba ɗaya suke ba a kan kiɗa. Wanda iyayensa ba su yarda ba, ko fahimtarsa ta addini ta hana shi, ban ce ya tsallake ba, ba kuma na so ya saɓa wa kowa saboda maganata. Darasin yana nan a sassaƙa da dukanci, a ɗinkin hula da saƙar faifai, a gyaran rediyo da ɗaurin littafi. Duk aikin da ke da awo, yana da farko da ƙarshe, kuma sakamakonsa ba ya ƙarya, ya wadatar.

Busasshen icce ma yana tanƙwaruwa

Mu koma Hindman, amma a zamaninmu. Gabashin Kentaki ya dogara da haƙar kwal shekara da shekaru. Da ayyukan suka ja baya, samari suka rasa abin yi. A daidai wannan lokaci ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu sa maye suka mamaye yankin, musamman bayan fitowar OxyContin a 1996. Gidaje da yawa sun binne 'ya'yansu. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san abin da kodin da tiramol suka yi a unguwanninmu, har gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018.

A wannan gari da Thomas ya sayar da dalsimominsa, an buɗe makarantar koyon ƙera kayan kiɗa masu tsirkiya a ƙarƙashin wani gwani mai suna Doug Naselroad. Aka fara karɓar masu fama da shaye-shaye da ke kan hanyar dainawa, wasu daga cibiyar jinya, wasu kotu ta turo su, ana koya musu ƙera dalsima da jita, wasu kuma ginin tukwane da ƙira. Daga baya aka kafa kamfanin Troublesome Creek, wanda ke ɗaukar wasu daga cikinsu aiki da albashi. Kada ku fahimce ni a karkace, zarto ba ya maye gurbin likita, kuma tare da jinya ake tafiyar da shirin. Amma wanda ya bar ƙwaya yana wayar gari da yini guda fanko a gabansa, hannu ba abin riƙewa, kowa kuma ya riga ya yanke masa hukunci. Ranar da ya ɗaura tsirkiya a kan abin da ya yi da kansa ya ji ya yi amo, ya sami shaidar da babu mai ƙwace masa cewa alheri yana iya fitowa daga hannunsa.

Iyayenmu sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya suka faɗa, shi ya sa nake muku magana tun yanzu. Sai dai mai ƙera dalsima ya san ƙarin wani abu. Busasshen ma yana tanƙwaruwa, in an ba shi ruwa da ɗumi da lokaci, aka kuma sami hannun da ba ya gaggawa. Duk wanda yake ganin ya riga ya lalace, ko yake da ɗan'uwan da aka cire rai da shi, ya riƙe wannan.

A watan Yuli na 2022 ambaliya ta afka wa gabashin Kentaki, ta kashe fiye da mutum 40. Ruwa ya shiga makarantar da kamfanin a Hindman, ya lalata injuna da katako da kayan da aka gama. Mutanen suka kwashe laka, suka tsince abin da zai tsintu, suka koma bakin aiki. Kayan sun tafi, amma iyawar tana hannunsu, kuma ita ruwa ba ya cinye ta.

Ta inda za ku fara

Kada wani ya ce mini ba shi da kayan aiki. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, ɗan abu mai tsirkiya ɗaya wanda ake yin cikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Mai son gwada dalsima ya je 'yan katako ya nemi ragowar busasshen allo marar ƙulli, malaina ko maɗaci ko duk mai sauƙin nauyi da ya samu. Ta farko ba sai ta yi ƙugu ba, akwati miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu ya isa, haka wasu tsofaffin ma suke. Zarto, wuƙa mai kaifi, magagari, sanfefa, rula ta ƙarfe, gam ɗin katako da tsirkiyar jita, su ne jarin. Ku tuna da yanayinmu. Katakon da aka manna da damina yana iya tsagewa in hunturu ya busa, don haka a bar shi ya sha iskar ɗakin da za a yi aiki kafin a taɓa shi.

Ku nemi kafinta ko masassaƙi a unguwarku ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce Baba, koyo na zo. Ku share masa shago, ku riƙe masa katako, ku sa ido. Abin da zai nuna muku a yini ɗaya game da kaifin ƙarfe da jijiyar itace, bidiyon intanet ɗari ba za su ba ku ba, ko da yake su ma suna da amfani wajen ganin fasali da jin amo. Ku kiyaye yatsunku, ku riƙa yanka wuƙa tana barin jikinku. Kada aikin ya ci lokacin salla ko karatu ko aiken iyaye, don abin da aka ɗauko domin gyaran rayuwa bai kamata ya zama sanadin ɓata ta ba.

Ta farkon da za ku yi ba za ta yi kyau ba. Ku gama ta duk da haka. Wanda ya kammala abu mai aibi ya fi wanda ya bar kyawawa goma a rabi, don shi ya ga hanyar har ƙarshenta, ya san inda zai gyara. Ku rubuta sunanku da kwanan wata da lamba ɗaya a cikinta, ku ajiye, ku fara ta biyu. Kada ku yi saurin kai ta kasuwa. In hannu ya nuna, masu saye su za su zo da ƙafarsu, in kuma ba su zo ba, ba ku yi asara ba, kun sami natsuwa da ido mai ganin daidai da kuma sanin darajar guminku. Idan Allah ya sa kuka iya, ku jawo ƙaninku ko ƙanwarku ku zaunar kusa da ku, ku ba su rula su riƙe, don sana'ar da ba a miƙa ba tare da mai ita ake binne ta.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya tsare ku daga zaman banza da abokan banza, ya ba ku haƙurin kammala duk alherin da kuka fara. Amin.